Goggon Da Ta Ƙi Rubuta "An Amince"

Da ƙarfe bakwai da rabi take sauka ɗakin tsofaffin fayil, a ƙarƙashin ginin mulki na jami'armu. Matakala goma sha huɗu ce, kuma a 'yan shekarun nan sai ta tsaya a tsakiya ta maida numfashi. In ta buɗe ƙofa sai ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta tura tagar nan guda ɗaya da ba ta buɗuwa sai rabi. Kafin takwas an fara layi: ga wanda ya gama karatu tun tuni takardarsa ta ɓace, ga malamin da ake gardamar ranar da aka ɗauke shi aiki, ga masinjan da aka aiko neman abin da mai aiken ma bai san sunansa ba. Kowa Goggo yake ce mata, har furfesoshin da suka girme ta. Makon jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, goma sha tara daga ciki a wannan rami.

Ba can aka ɗauke ta aiki ba. Da fari ita ce mai rubuta rahoton zaman majalisar jami'a, a bene na uku, ɗaki mai kafet da na'urar sanyi. Wanda bai sani ba zai raina aikin. Amma duk wanda ya taɓa zama a majalisar ya san furfesa ba ya iya cewa "na yarda" a ƙasa da minti ashirin, kuma in an watse babu mai tuna abin da ya faɗa. Abin da mai rubutu ta rubuta shi ne ya faru. A ƙarshen kowace magana takan sa ɗaya cikin biyu: "an tattauna" in surutu kawai aka yi, "an amince" in an ɗaga hannu an ƙirga. Na biyun ne kaɗai yake zama hukunci.

Wata shekara ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan ɗalibai har mako uku. Ɗalibai suka ɗauki bokitai suka nufi ginin mulki, a cikin turereniya gilashin ƙofa ya fashe. Aka tsamo suna goma sha ɗaya, aka ce korar su za a yi. Majalisa ta zauna tun safe, aka yi ta cacar baki, yunwa ta dinga zare mutane ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rage ba su kai adadin da doka ta yarda su yanke hukunci ba. Shugaban jami'a na lokacin ya ce ya ji ra'ayin kowa, ya rufe taro. Ba a ɗaga hannu ba.

Washegari takardun kora suna kan teburin magatakarda, an riga an buga su, rahoton zama kawai ake jira. Goggo ta kawo. A gaban sunayen ta rubuta "an tattauna".

Masinjan ofishin, wanda yanzu ya tsufa, yana tsaye da tire a hannu lokacin, shi ya ba ni labari. Ya ce magatakarda ya cire tabarau ya ce, "Goggo, kalma ɗaya ce fa. Gyara kawai za ki yi ki sa hannu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma kalma ɗaya ce ban ji an faɗa ba."

"Kin san abin da shugaban jami'a yake so."

"Na sani. A sake zama a ɗaga hannu, kafin shayinka ya huce na rubuta. Ni ba ni da gaba da kowa."

Ya lallashe ta, ya yi mata barazana, har ya tuna mata cewa mijinta ba shi da lafiya kuma aikin nan ne ke riƙe gidan. Ya miƙa mata biro. Amma ba ta karɓi biron ba. Ba tare da sa hannunta a kowane shafi ba rahoto ba ya shiga kundi, dole aka sake kiran zama. Kafin ya yiwu an yi wata guda, ruwa ya dawo, zukata sun yi sanyi. Aka ba yaran gargaɗi, duka goma sha ɗayan suka gama karatunsu. Mako biyu bayan zaman nan na biyu wasiƙar Goggo ta fito: an mayar da ita ɗakin tsofaffin fayil "saboda ƙwarewarta wajen adana takardu". Tun daga ranar ba ta sake ganin ƙarin girma ba.

Ni ne na shida a jerin sunayen nan. Shekaru na yi ina cewa sa'a ce da addu'ar mahaifiyata. Na dawo jami'ar na zama malami, yau ina zama a majalisar da ta so korata. Shekara huɗu ke nan da masinja ya faɗa mini gaskiya, kuma a shekara huɗun nan ban sauka matakalar nan na ce mata sannu ba. Kullum sai in ce gobe. Kunya ce ta riƙe ni, kuma ina jin zafin wannan har yanzu.

Ke ce, Goggo, aka jefa rami don ki ruɓe, sai kika mai da shi wurin da ya fi ko'ina tsari a jami'ar. Da ruwan sama ya shiga ɗakin, ma'aikata sun gan ki kin ɗaura igiya kina shanya takardu ɗaya-ɗaya kamar wankin jariri. Wata mata ta faɗa mini cewa ofis biyar suka ce mata sakamakonta ya ɓace, ke kika tambaye ta shekarar da ta shigo, kika hau kujera kika sauko da shi. Ƙurar takardun nan ce ta bar miki tarin da ba ya jin magani.

Da ritayarta ta matso na tashi a majalisa na nemi a karrama ta. Kowa ya gyaɗa kai, sannan aka kafa kwamiti. A gidan nan in ana so a kashe magana ba tare da an ga jini ba, kwamiti ake kafa mata. Ranar ƙarshe ita ta rufe ɗakin da kanta, ta miƙa makulli ga mai gadi, ta hau motar haya.

Shekaranjiya da yamma na je gidanta. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, babbar 'yarta tana ɗinki a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne, na ce ina so in rubuta wa duniya cewa ta tsaya kan gaskiya kuma ba ta taɓa nadama ba.

Ta daɗe tana tari kafin ta ce, "A'a, ɗan nan. Kada ka rubuta abin da ba a faɗa ba." Ta nuna 'yarta da haɓa. "Wannan ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Sau uku tana neman koyarwa a jami'ar nan. A na ukun wani ya tambaye ta, ke ce 'yar mai taurin kan nan? Ta dawo ta shige ɗaki, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Babanta kafin ya rasu yakan ce ni inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ranar da yarinyar nan ta shige ɗaki na yi nadama. Na ce da na sani na sa hannun. In za ka rubuta, haka za ka rubuta."

'Yar ba ta ɗago kai ba, keken ɗinkin ma bai tsaya ba. Ni kuwa hawaye kawai nake yi.

To ga shi na rubuta yadda kika faɗa, Goggo. Mun gode, mu goma sha ɗaya da 'ya'yanmu da ba su san sunanki ba. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da muka kasa. Ku masu riƙe da biro a bayan ɗakin taro, ku yi koyi da ita, ku rubuta abin da kunnenku ya ji. Mu kuma da ke zaune a kujerun gaba, mu ji tsoron Allah, kada mu ƙara sa wata uwa ta zaɓa tsakanin gaskiya da 'yar cikinta.