Muryar da Muka Amsa a Kacalar Guri

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokaina biyu masu busa saksofon, kakakin nan na Turawa mai lanƙwasa. Ɗaya ɗan Jos ne, ɗaya ɗan Kafanchan, ni kuma mai ɗaukar sauti. Irin kiɗan jaz ɗinsu ba waƙa, ba gwaji: wannan ya busa abin da ya zo masa, wancan ya amsa. Matata dai cewa take awaki biyu ake yankawa.

Hanya ba laifi har Kaugama, daga nan ramuka suka karɓi tuƙin. A Haɗeja muka ci shinkafa da soyayyen kifi, araha kamar kyauta, sannan muka nufi Guri, don abokan nawa sun kafe sai a kan ruwa za a ɗauki faifan kiɗansu.

A bakin ruwa muka tarar da mutane cirko-cirko. Wani dattijo masunci ya shiga ruwa da goransa na su tun jiya bai fito ba, an bazama nemansa. Muka jajanta musu, muka ɗauki kwalekwale biyu.

Kacala, doguwar ciyawar da ta cinye ruwan yankin, ta fi mutum tsayi, hanyoyin cikinta duk iri ɗaya. Rana tsaka, amma wurin tsit. Masu busar suka rabu har ba sa ganin juna, ni ina tare da ɗan Jos. Ƙa'idarsu ita ce da an fara ba magana, kuma duk abin da kunne ya ji sai an amsa shi.

Suna cikin busa wani sauti ya taso daga gabas, siriri, yana rawa. Na zaci tsuntsu ne. Ɗan Jos ya kwaikwaye shi daidai, ɗan Kafanchan ya cafe ya ja shi sama. Sautin ya sake zuwa, suka sake mayarwa. Wallahi ban taɓa jin sun yi busa irin wannan ba. Sai dai duk amsawar da suka yi, sautin ƙara nisa yake.

Mai tuƙa mu ne ya toshe bakin kakakin da tafin hannu. "Malam, don Allah dakata! Wannan mutum ne. Gudunku yake yi."

Ya miƙe ya kwaɗa sallama. Sai da ya ɗaga murya da salati sannan aka amsa, can ciki.

Muka sami dattijon masuncin nan rungume da goransa. Da aka ja shi cikin kwalekwale, ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke wuyan ɗan Jos.

"Yaro, kai ne? Saura kaɗan in fito fili. Na kira mutane, sai kukana ya dawo mini ba da bakin mutum ba. Na ce mutanen ruwa ne suka zo ɗaukata, na juya ciki."

Ɗan Jos ya durƙusa, ya ce, "Baba, yi haƙuri."

Washegari muka dawo Kano. Na koyi cewa kafin ka amsa murya, ka fara sanin me take nema. Faifan yana nan, shi ne mafi kyau da suka taɓa yi. Sun ce in goge. Ban goge ba, ban kuma iya saurarensa har ƙarshe ba, domin a na'ura ana ji sarai: dattijon sunan ɗansa yake kira, mu kuma muna yi masa kiɗa.