Jan Fenti a Bangon Gidanmu

Duk baƙon da ya shigo layinmu a Luggere sai ya tambaye ni, "Adda Raliya, gida ya sha fenti fes, me ya sa aka bar wancan jagwalgwalon?" Ni kuwa sai in ce ya samu wuri ya zauna, labarin Apollos ne.

Apollos mutumin Michika ne, mai gyaran famfo. Ya shigo Jimeta shekarar da 'yan Boko Haram suka ci garinsu, shi da matarsa Edna da yara, ba su tsira da komai ba sai jakar kayan aikinsa. Cocinsu ta samar musu ɗaki a bayan layinmu. Siririn mutum ne, magana ma sai an ja ta daga bakinsa. Aiki kam ya iya, amma wa ya sani? A lokacin ko ɗan'uwanka ya zo da jaka sai ya buɗe ta a bakin ƙofa, balle baƙo mai jakar ƙarafa. Ya yi sallama a gidaje har ya gaji, ba wanda ya ce masa shigo.

Wata safiya muka tashi muka ga lambar waya da jan fenti a bangonmu. Ba suna, ba komai. Aka duba, ga ta a wasu gidajen, an tsallake wasu. Innalillahi! Kafin hantsi magana ta zaga unguwa, wai an yi wa gidajen da za a kai wa hari alama. Maigidana Bobboyi ya ce in haɗa kayan yara mu koma gidan yayarsa a Makama. 'Yan banga suka rantse duk wanda ya yi rubutun sai sun miƙa shi ga hukuma, iyalinsa kuma su bar unguwa.

Ni dai haushi ya fi tsoro yawa a raina, don bangon nan bai daɗe da shan shafe ba. Muna tsaye gaban Jauro, mai unguwarmu, na ce, "Bappa, wane irin mugu ne zai bar wa mutane lambar wayarsa? Ku ba ni wuri in kira." Na kira. Wata 'yar murya ta ce, "Mama, famfo ne ko tanki?"

Na yi masa kwatance. Ba a jima ba sai ga Apollos da jakarsa, har da ɗan gudunsa, ya ɗauka aiki ya samu. Samari suka yi masa zobe, aka zazzage jakar a ƙasa. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Jauro ya ce, "Me ya sa waɗannan gidajen, ban da sauran?"

Ya ce, "Bappa, ruwa na bi. Inda gindin bango ya jiƙe, a ciki akwai famfo yana zuba. Fentin guntu ne na tsinta, ba zai isa suna ba."

Aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ga laima, ga gansakuka. Namu tankin ma ya daɗe yana ɗiga, Bobboyi na ta gobe-gobe. Wasu suka fashe da dariya, amma shugaban 'yan banga bai yi ba. Ya ce, "Duk da haka ba mu san shi ba. Wa zai tsaya masa? In babu, yau za su tashi." Edna na can gefe da goyo, ta san ba su da inda za su koma.

Na ce, "Ni." Bobboyi ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Na ce wa Apollos, "Kwashe ƙarafanka ka shigo. Amma kai ma da wauta kake! Jan fenti a wannan zamani?"

Kafin azahar tanki ya daina ɗiga. Daga ranar na zama bakinsa. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa, shi kuma ya riƙe maganar har ta kusa kashe shi da yunwa. To yabon wani fa? Gidan suna, gidan biki, layin niƙa, duk macen da ta yi kukan famfo sai in karɓi wayarta in sa mata lambar. Na koya masa ya riƙa neman izini kafin ya taɓa bangon mutane, ya kuma rubuta sunansa da baƙi.

Yanzu yana da shago a Karewa da allo mai hoton famfo. 'Yarsa Marvelous ce ke ɗaukar bidiyon aikinsa tana watsawa a waya. Shi dai har yau in yana tafiya gindin bango yake kallo. Da hanya ta buɗe ya je Michika ya ga dangi, ya dawo. Bara da wata baƙuwa mai kitso ta nemi haya a layinmu, Jauro ya tambayi wa zai tsaya mata, Apollos ne ya ɗaga hannu, kowa kuwa ya amince.

Da za a yi bikin 'yata Nahla, sai ga shi da bokitin fenti, wai zai shafe abin kunyar da ya yi mana. Na tare bangon na ce, "Ko ka kuskura!"

Ya ce, "Adda, ai kowa ya san lambar yanzu."

Na ce, "Ba don masu famfo na bar ta ba. Don mu na bar ta, mu riƙa tuna ranar da muka kusa korar ɗan unguwarmu."

Ya tsaya riƙe da buroshi, idonsa ya ciko. Sai ya juya ya fara shafa fenti daga ɗaya gefen.