'Yar Ruwan da Gidaɗo Ya Suturta

Gidaɗo mutumin Yola ne, a gidan masu surfani ya tashi, kuma tun yana ƙarami aka san shi da ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a kofin wani. A ɗakin da suke haya su huɗu a unguwar Al Qusais ta Dubai, cokalinsa ma a aljihu yake kwana. Abokan zamansa sun yi tsiyar har sun gaji.

A shekarar 2017 ya shigo Dubai, wani kamfanin tutoci da tambura ya ɗauke shi. Inji ke yin yawancin aikin, amma tutar siliki ta biki sai da hannu, nan kuwa babu kamar Gidaɗo. Burinsa ɗaya ne a duniya: a sabunta masa biza, ya ɗauko matarsa Sa'adiya, wadda ta yi fasfo tuntuni tana zaman jira a gidan iyayensa.

Ana dab da sabuntawar sai aiki ya zo daga wani ɗan ƙaramin gari na masunta a bakin teku, can ƙasar Turawa. Babbar tuta suke so, da tambarin garin a tsakiya. Gidaɗo ya buɗe zanen, ya rufe da sauri. Igiyar ruwa shuɗiya, kwalekwale a sama, wannan duk lafiya. Amma a tsakiya mace ce, rabinta kifi, gashi a barbaje, ƙirji a waje ko kunya babu.

Felicity, 'yar Kafanchan mai guga a sashen, ta leƙo.

"Jinin Yesu! Ai Mami Wata ce!"

"Gari guda," in ji Gidaɗo, "da dattawansa da komai, a rasa abin ɗagawa sama sai wannan ƙazanta? Tir."

Inji ya fitar da surar, aka miƙo masa ya ƙarasa. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Washegari ya zaro koren zare, bai shawarci kowa ba, ya ɗinka wa baiwar Allah riga mai dogon hannu, har da ado a wuya irin na Yola. Shi a ganinsa ya rufa wa mutanen garin asiri ne, godiya ma ya kamata su yi.

"Saura ɗankwali," Felicity ta ce, tana ƙunshe dariya.

Manaja ya ɗauki hoto ya tura wa masu tuta. Amsarsu ba ta yi daɗi ba. Suka ce haka kakanninsu suka bar musu ita, haka take a ƙofar majalisarsu, su ba su aiki kowa ya yi mata sutura ba. Manaja ya kira Gidaɗo ofis, ko kujera bai nuna masa ba.

"Habibi, ka cire rigar nan kafin Alhamis. In ba haka ba, babu biza, khalas, magana ta ƙare."

Gidaɗo ya dawo ya zauna gaban tutar. Felicity ta tausaya masa.

"Kawo in warware maka, Malam Gidaɗo. Ni mace ce."

"Siliki ne, zai yage. Ni na san inda na ƙulla."

Haka mutumin da ko a jirgin Metro ba ya ɗaga ido ya dubi mace ya sunkuya da reza, hancinsa kusan a jikin ƙyallen, yana tuɓe rigar zare bayan zare. Abin takaicin ma, allurarsa ta ɓata abin da ke ƙarƙashin rigar. Dole ya sake ɗinka ƙirjin da hannunsa, ya daidaita shi da zanen, manaja na tsaye a kansa yana cewa wannan gefen bai kai wancan ba. Ya yi istigfari har bakinsa ya bushe. Bai taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda ya ji ƙyamar yatsunsa a makon nan ba.

Tuta ta tafi, biza ta fito. Ya kira Sa'adiya ya gaya mata ta fara haɗa kaya. Ta yi guɗa, sannan ta ce ya turo mata hoton aikin da ya faranta wa manaja rai haka, tana so ta nuna wa Baba, wato mahaifinsa, ya ga inda surfanin gidansu ya kai.

Gidaɗo ya yanke saman hoton, ya bar daga cibiya zuwa ƙasa kawai, ya tura.

"Kai, masha Allah," ta ce. "Baba ya ce a tambaye ka, ina kan kifin?"