Harshen da Mam Olwen Ta Tafi da Shi

Da safiyar Talata ina ɗakin haihuwa ina wanke hannu aka ce ana nemana a waya a ofishin sista. Gareth ne, ɗan matar da muke haya a gidanta. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Saratu, Mam ta tafi." Na tsaya riƙe da kan wayar har sista ta zare shi daga hannuna ta zaunar da ni. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, sai yanzu na iya ɗaukar biro.

Sunanta Olwen, amma Mam muke ce mata, wato uwa a harshensu na Welsh. Shekara huɗu da suka wuce, da kuɗin fetur ya fara shigowa, gwamnatin jiharmu ta turo mu London karatu, ni aikin ungozoma, maigidana Yakubu injiniya. Sati uku muka yi muna ƙwanƙwasa ƙofofi a unguwar Tottenham muna neman ɗakin haya. Da an ga fuskarmu sai a ce an riga an ba da ɗakin. Ita ce ta buɗe, gajeriyar tsohuwa da furfura fari fat, ta ce mu shigo ruwa yana dukanmu. Kafin ta tambayi aikinmu sai ta tambayi wane harshe ne ta ji muna yi a bakin ƙofa. Na ce Hausa. Ta yi murmushi ta ce, "Ni ma Turancin nan aronsa na yi. Ina da nawa."

A lokacin ban san akwai Bature da Turanci ba harshen uwarsa ba ne. A gidanta na sani. Daga wani ƙauyen duwatsu a arewacin Wales ta fito, ita da mijinta marigayi Emrys, suka shekara talatin suna sayar da madara a London. Da Welsh take addu'a, da shi take ƙirga ƙwai, da shi take yi wa kyanwarta faɗa. Takan ce ana magana da shi a wannan tsibirin tun kafin Turanci ya sauka. In ta faɗi haka sai ta gyara zama, kamar mai ba da labarin kakanta.

Ta ba ni labarin mahaifinta. A makarantarsu, yaron da aka ji yana Welsh sai a rataya masa ɗan katako a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yaron yana yi ya miƙa masa, wanda kuma aka tashi makaranta katakon na wuyansa shi ne mai shan bulala. Ta ce, "Bulalar ta warke, Saratu. Abin da bai warke ba shi ne an koya masa ya riƙa yi wa abokinsa laɓe." Ni kuwa na tuna makarantarmu ta kwana a gida, inda ake hukunta wadda ta yi Hausa. Na gaya mata. Sai ta ƙara mini shayi.

Idan talabijin ya nuna samarin Wales ana shiga da su kotu saboda sun shafe allunan hanya da aka rubuta da Turanci zalla, takan girgiza kai ta ce, "Ɓarna ce, babu kyau." Can kuma ta ƙara a hankali, "Amma da ina da ƙafa, da na riƙe musu gwangwanin fentin."

Sau ɗaya tak ta taɓa ɗaga mini murya. Na haifi Hannatu a nan, kuma ni da Yakubu muka yanke shawarar yi mata Turanci don kada ta sha wuya a nursery, wato makarantar ƙananan yara. Wata ranar Asabar ina ba ta abinci a kicin ina cewa "open your mouth", sai Mam ta ajiye wuƙar da take feraye dankali.

"Haka uwarki ta yi miki magana?"

Na ce, "Mam, don amfaninta ne."

"Haka na ce ni ma," in ji ta. Ta zauna. Ta ce ba wanda ya rataya wa Gareth katako. Ita da Emrys ne da kansu suka hana shi Welsh, don kada yaran unguwa su yi masa dariya, don ya samu aikin ofis. Ya kuwa samu. "Amma ɗana bai taɓa jin muryata ta gaskiya ba. Wata mata mai Turanci ce ta raine shi." Tun daga ranar Hausa nake yi wa Hannatu. Mam takan zauna ta saurara, ta tsinci kalma ɗaya ko biyu. Ni ma na tsinci nata, ba su fi ashirin ba.

Farkon watan nan aka same ta a ƙasa kusa da murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti, Turancin ya tafi gaba ɗaya. Shekara hamsin tana yin sa, ko kalma ɗaya ba ta rage ba. Welsh kaɗai ke fita. Ma'aikatan suka rubuta cewa tsohuwar ta rikice tana sambatu. Na ce musu ba sambatu ba ne, magana take yi. Da ta ce "dŵr" na miƙa mata ruwa, ta sha, ta ce "diolch", wato na gode. Gareth yana tsaye a ƙarshen gado yana kallonmu, mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya biyu, ga uwarsa tana neman ruwa sai wata baƙuwa daga Zariya ce ta gane.

Faston cocinsu na Welsh ya zo sau biyu ya yi tafinta, amma duk lokacin barci ke rinjayarta. Ranar Litinin da rana, babu fasto, sai ta farka garau. Ta kama hannun Gareth ta yi masa magana mai tsawo, tana kallon idonsa, wani wurin ta yi murmushi, wani wurin hawaye ya gangaro. Shi kuwa yana ta cewa, "Yes, Mam. Yes, Mam." Da muka fito baranda ya riƙe hannun rigata.

"Me ta ce? Don Allah, Saratu, me ta ce?"

Na yi shekaru ina koyon abin da ake gaya wa dangin majinyaci, amma ranar ban samu komai ba. Na ce na ji sunan babansa. Na ji kalmar gida. Na ji "cariad" sau uku, wadda take nufin abin ƙauna. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan abin da na gane. Na so in ƙirƙiro masa sauran, na kasa, don Mam ba ta son ƙarya ko ta lallashi. Ya jingina da bango ya rufe fuska. Washegari da safe ta cika.

An yi mata sujadar jana'iza a cocinsu kafin a wuce da ita ƙauyensu a binne ta kusa da Emrys. Tsofaffi ne suka cika kujerun, suna waƙa da ƙarfin da ban zata suna da shi ba. Gareth ya riƙe littafin waƙoƙin a buɗe tun daga farko har ƙarshe, leɓensa bai motsa ba.

Ya Ubangiji, ka jiƙan baiwarka Olwen. Ka gafarta mata kurakuranta, har da wanda ta kasa yafe wa kanta. Ka ba ta hutawa a wurinka, ka sāka mata alherin da ta yi wa baƙi a ƙasar da ita ma baƙuwa ce. Ka ta'azantar da jikokinta da 'yar'uwarta da ta rage a Wales. Gareth kuwa, ka ba shi haƙuri mai yawa. Kai ka ji duk abin da uwarsa ta gaya masa ranar Litinin ɗin nan, babu kalmar da ta ɓace maka. Ka isar masa da shi cikin zuciyarsa ta hanyar da ka ga dama. Amin.