Shekarar da Muka Cinye Iri

Lokacin da Janar ɗin nan na ƙasar kudu ya ƙwace mulki, ina ɗinki a kasuwar Dole, a Zinder. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, ba ta kai ko'ina ba, amma ina da rediyo rataye a ƙusa bisa keken ɗinkina, kuma a lokacin mai rediyo malami ne. Ni nake fassara wa mutanen rumfa duniya.

Na so mutumin nan, ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Dogo ne, siriri, fuska a ɗaure kamar wanda aka yi wa rasuwa. An ce ɗan arewacin ƙasarsu ne, Hausarmu yake ji, garinsu ba shi da nisa da iyaka. Aka ce ya sa mutanen manyan birane bin layi da bulala, ma'aikacin da ya makara kuwa tsallen kwaɗo ake sa shi da babbar rigarsa. Ni da ba bayana ake duka ba, sai na riƙa cewa ga namiji. Badukun da ke rumfar kusa da tawa ya raɗa mini suna Sarjan.

"Sarjan, yau wa ubangidanka ya zane?"

"Ɓarayi," in ce masa.

"To, Allah ya sa ya san ka."

Bai san ni ba. Da bazara ya rufe iyaka, wai don ya kama masu fita da dukiyar ƙasarsa. Manyan ɓarayin da yake nema ta sama suke tafiya. Waɗanda ya kama su ne mai jaki da tiyar gero da tsohuwa mai tallan kuka. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ƙasa ba, kuma hanyar da muke samun hatsi duk shekarar da ta ɓaci, ga soja tsaye a kanta.

Ƙanena manomi ne a ƙauyenmu da ke yankin Dogo, kudu da Zinder, shi ya riƙe gonar mahaifinmu. A can, in shekara ta yi wuya, maza sukan toshe bakin rumbu da laka su tafi kudu cin rani, mata da yara su lallaɓa da ganye da ɗan abin da aka aiko. Ba a fasa lakar sai ruwan shuka ya sauka. A ƙasan rumbun ake ajiye damin iri, zangarniyoyin da aka zaɓa da hannu tun a gona. Namu gajeren gero ne mai saurin nuna, tun kakanmu ake juya shi, kuma a ƙauyen ba mai irinsa sai mu.

Bayan kaka ƙanen nawa ya zo rumfata, ya tsuguna, ya ƙi shan shayi. Ya je iyaka an koro shi.

"Yaya, kai kake jin rediyo. Za a buɗe, ko ba za a buɗe ba? In ba za a buɗe ba, in kwashe iyali mu nufi arewa, ko aikin laka ne in yi, rumbu ya zauna a rufe. Yaran sun fara cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci."

Na gyara zama. Har yau ina jin muryata. Na ce masa soja ba ɗan siyasa ba ne, shara yake yi, da ya gama zai buɗe ƙofa. Bahaushe ba zai bar Bahaushe ya mutu a bakin ƙofarsa ba. Na ce ya fasa rumbu yara su ci, kafin hatsin ya ƙare an buɗe iyaka, shi yana Kano yana aiko da buhu.

"Sarjan, shi ya faɗa maka?" in ji baduku, bai ko ɗago daga fatar da yake yanka ba.

Ƙanena bai yi dariya ba. Yayansa ya yi magana, sai ya tashi ya koma ya fasa laka.

Ɗan abin da ke ciki bai kai su tsakiyar rani ba. Da suka iso kan damin iri, matarsa ta zauna a gindin rumbu ta ce sai dai a ɗauke ta. Daga baya, da ƙaramar 'yarsu ta daina iya tsayuwa, ita da kanta ta sussuke shi.

Janar ya buɗe iyakar kuwa, na ɗan lokaci, don ya koro namu da ke can. Na ga ana sauke su daga kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha, kowa da tabarma da tukunya. Mutane suka ɗauki sunansa suka raɗa wa yunwar. Ita ce kaɗai kyautar da ya yi wa Damagaram.

Sai ruwa ya dawo, mai kyau, kamar ba shi ya gudu ba. Ƙanena ya zaga ƙauye da ƙoƙo, wannan ya ba shi tafi ɗaya, wancan ya ba shi haƙuri. Abin da ya samu dogon gero ne, ya rufe kusurwa ɗaya ta gonar, sauran ya bar wa ciyawa ya tafi ƙodago a gonakin mutane.

Da Babbar Sallah rediyo ya fara kiɗan soja. Abokan Janar ɗin, waɗanda suka ɗora shi, su suka sauke shi suka kulle. Mutumin da ya sa ƙasa guda tsallen kwaɗo, ban ji an ce ko akuya ta fito titi dominsa ba.

Na hau mota zuwa Dogo da labarin a bakina, kamar wani abin kirki na kawo. Na tarar da ƙanena a gonar maƙwabci, geron mutane ya kai kafaɗa.

"An tumɓuke shi," na ce.

Ya jingina da hauyarsa. "Wa?"

"Janar."

"To." Ya dubi gonarmu can gefe, kore shar da ciyawa. "Yaya, in ka koma birni ka tambayar mini a kasuwa, ko akwai wanda Baba ya taɓa ba gajeren nan namu."

Na tambaya a Dole, na tambaya a Mirriya, har Garagumsa na aika. An kawo mini gajeren gero iri-iri. Duk wanda na kai masa, sai ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya miƙo mini abina.