Matar da Ta Hana Jirgin Alhazai Tashi

Shekara da shekaru, aikin Anti Ummul-Khair na farko da safe shi ne kallon ido. 'Yar unguwar Dogo Nini ce, nan Potiskum, amma a Kano ta yi aiki da wani kamfanin jiragen sama. Ita ke tsara wanda zai tashi da wanda zai huta cikin matuƙa da masu hidimar fasinja. Duk mai tafiya sai ya biyo ta teburinta, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, tana duban ƙwayar idonsa. Ta ce a gidan direban babbar mota ta girma, ta san namiji ba ya cewa ya gaji, sai dai a gani.

Doka ta ce wanda ya yi doguwar tafiya sai ya huta kafin ya sake tashi. Rubuta doka ba wuya. A lokacin jigilar alhazai ake gane mai tsayawa a kanta.

Wata shekara jirgi ya dawo daga Jidda, aka ce ma'aikatansa su juya nan take da wasu maniyyata. Matuƙin ya ce zai iya. Shugabanta ya ce ta sa hannu. Ta ƙi. Maniyyatan kuwa mutanen garinmu ne, har da ƙanin mahaifinta, Baffa Babaji, wanda ya riga ya yi sallama da kowa.

Ya kira ta a waya. "Ke Ummu, an ce ke kika tare hanya. Ɗakin Allah za mu fa!"

"Baffa, so nake ku isa."

Ya kashe wayar. Sai da suka ƙara kwana biyu a sansanin alhazai. Kamfani ya mayar da ita wurin awon kaya, ta daɗe tana ɗaga jakunkuna kafin aka dawo da ita teburinta. Nan gida aka sa mata suna Mai-Hana-Tafiya. Ina yarinya na ji ana faɗa a gidan biki a unguwar Yerimaram, ana dariya. Ba ta taɓa bai wa kowa haƙuri ba, kuma ni ban ga abin da za ta ba da haƙuri a kai ba.

Anti, ke ce kika ɗauki zagin dangi don ceton ransu da na baƙin da ba su san sunanki ba. Dutse, ba a tura ki. Aikinki in ya yi kyau ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba mai godiya.

Watan jiya aka yi walimar ajiye aikinta. Nguavese, wadda ke cikin masu hidimar wancan jirgin, ta zo takanas. Ta ce ran nan a tsaye barci ya ɗauke ta da butar shayi a hannu, matuƙin kuma sau biyu yana tambayar ta sunan garin da suka sauka.

Baffa ya gyara zama. "Ni dai har yau ban huce ba."

"Alhamdulillahi, Baffa," in ji Anti. "Ka je, ka dawo, kana ta fushinka."

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki hutun da kika tsaya wa wasu. 'Yan'uwana mata da za a ɗora a kan irin wannan teburi, a filin jirgi ko a tasha ko a asibiti: in kin ga barci a idon ma'aikaci, kada ki sa hannu, ko da baffanki ne a waya.