Jar Tutar Silvo Ravnik

Shekara talatin da huɗu, duk safiyar hunturu, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, Silvo Ravnik ya riga ya hau kan tafkinmu da ya daskare. Igiya a ƙugu, ƙarfen huda ƙanƙara a kafaɗa. Ya huda, ya auna, ya durƙusa ya kasa kunne, sannan ya dawo bakin gaɓa ya kafa tuta. In koriya ce, kowa ya ɗauro takalmin zamiya a kan ƙanƙara. In ja ce, kowa ya koma gida yana zaginsa. Kuma ba ƙarya, mun zage shi.

Zagi mafi ciwo ya sha shi bara, ranar auren Danica, 'yar ƙanwarsa. A al'adarmu, in tafki ya daskare, ta kansa amarya ke tsallakawa zuwa cocin ƙetare, dangi na biye. Mu sittin muka yi kwalliya muka sauko, sai ga jar tuta.

"Haba Kawu!" in ji amarya. "Kaurin ƙanƙarar ɗani biyu fa. Kai da bakinka ka ce ɗani ɗaya ya isa."

"Baƙa na ce, 'yata, wadda ake hango ruwa ta cikinta. Wannan fara ce, dusar ƙanƙara ce ta jiƙe ta daskare. Kauri gare ta, ba ƙwari."

Vida, uwar amarya, ta taso masa. "Yaya, tsufa ne ya sa maka tsoro. In ka ɓata wa yarinyar nan rana, kada in ga ƙafarka a wurin liyafa."

Maganar ta soke shi, amma bai matsa ba. "Sai dai ku bi ta kaina."

Haka muka zagaya ta cikin daji, awa biyu, dusar ƙanƙara har gwiwa, amarya na kuka. Abokan ango kuwa, 'yan taurin kai, suka saci jiki suka tura amalanken gangunan giya ta kan tafkin. Suna kaiwa tsakiya ƙanƙara ta yi ƙara, suka saki kaya suka ranta a na kare. Muna ƙofar coci muka ga amalanken ya karkace, ya nutse, daidai inda da amarya za ta taka.

Vida ta zube a kan matakala. Ta dinga bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, tana kuka tana dariya. Ba wanda ya ɓace. Da yamma da kanta ta kai wa yayanta kwanon miyar sha'ir na farko.

Bana ciwon gwiwa ya sa ya ajiye ƙarfen. Silvo, kai ne ka yarda mu tsane ka da safe don mu kai yamma da rai. Kai ne ba ka taɓa mayar mana da zagi ba. Mun gode, kuma ka yafe mana.

Ku da za ku karɓi tutar, koriya kowa na iya kafa ta. Ku koyi kafa ja, ko da ƙanwarku ce tsaye a gabanku.